Yadda sabon shiga zai fara aikin sa hannun takardu a ofishin noter a Maraɗi

Matasa da dama a nan Maraɗi, musamman waɗanda suka gama karatu suna zaman jiran aiki, sukan tare ni da tambaya a kan wata sana'a da suke gani ana tallarta a intanet, wato ta mutumin da ke ɗaukar takardun bashin gida ya kai wa masu su, su sa hannu a gabansa, a biya shi ladansa. Sana'ar gaskiya ce, amma ta Amurka ce. A can kowace jiha ita ke ba mutum izinin zama mai shaidar sa hannu, kuma ba lalle sai ya karanta shari'a ba. Kamfanonin da ke kula da bashin sayen gida sukan bincika tarihinsa, sannan su riƙa tura masa takardu ya buga, ya je har gidan mai karɓar bashin ya tabbatar da ko shi wane ne, ya shaida sa hannunsa, ya mayar da takardun. A Nijar ba haka tsarin yake ba, kuma duk wanda ya biya kuɗin kwas ɗin can da niyyar ya buɗe rumfa a Sabon Gari ya riƙa buga hatimi, ya yi asarar kuɗinsa. Mu tsarin Faransa muka gada, wanda tushensa dokar 1803 ce ta zamanin Napoleon. Noter a wurinmu jami'i ne da hukuma ke naɗawa bayan ya yi karatun shari'a mai zurfi, ya yi zaman koyon aiki, ya kuma yi rantsuwa a gaban kotu, kuma takardar da ya sa wa hannu da hatimi tana da ƙarfin da takardar da mutane biyu suka rubuta tsakaninsu ba ta da shi. Ko Najeriya da muke maƙwabtaka da ita nata tsarin daban ne, domin a can lauya ake ba wannan matsayi, Alƙalin Alƙalan ƙasar ne kuma ke naɗa shi.

Ƙofar da ke buɗe ga wanda bai taɓa yin aikin ba ita ce ta zama magatakarda a ofishin noter, wanda a Faransanci ake kira clerc. Shi ke karɓar mutane, ya tattara takardunsu, ya duba su, ya buga daftarin yarjejeniya, ya shirya ranar sa hannu, ya kuma bi dosiyen har ya kammala. Na yi wannan aiki shekaru, na kuma fara shi ban san komai ba, saboda haka abin da zan faɗa a nan daga abin da hannuna ya taɓa ne. Babu noter da zai sa ran sabon yaro ya zo masa da gogewa. Abin da yake nema shi ne mutumin da ba zai bari kowa ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba, wanda kuma ya san inda aikinsa ya tsaya na Metir, wato noter ɗin kamar yadda ake kiransa a ofis, ya fara.

Kafin ka je neman aikin, ka gyara abubuwa biyu a jikinka. Na farko Faransanci ne na rubutu. Ko da yake kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, takardun da za ka riƙa bugawa da waɗanda za a kawo maka daga mairi, wato ofishin magajin gari, da kotu da ofishin haraji da Faransanci suke. Dole ka iya rubuta adadi da haruffa ba tare da kuskure ba, domin a takardar noter ana rubuta kuɗi da kwanan wata da haruffa ne don kada wani ya ƙara sifili daga baya, kuma dole hannunka ya saba da kwamfuta har ka iya buga shafi goma cikin natsuwa. Na biyu shi ne Hausa, kuma wannan ne mutane suka fi rainawa. Jin Hausar kasuwa daban ne da iya mayar da sakin layi na shari'a zuwa maganar da tsohuwa daga Madarunfa za ta gane ba tare da an rage ko an ƙara ba. Ka zauna ka nemo wa kanka yadda za ka faɗi wakilci, jingina, kyauta, rance, lamuni, gado, wasiyya da saye da sayarwa, ka gwada a kan mahaifiyarka ko kakarka a gida. In ta tambaye ka abin da kake nufi, to ba ka gama koyo ba.

Digirin shari'a yana taimakawa, kuma waɗanda suka karanta shi a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a jami'ar Tawa suna da rinjaye, amma ba shi ne sharaɗin fara aikin ƙaramin magatakarda ba. Ka haɗa takardunka yadda aka saba: wasiƙar neman aiki, tarihin karatu, kwafin takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, da kwafin shaidar karatunka. Ka kai su da ƙafarka, da safe, cikin tufa mai tsabta, ka ce kana neman zaman koyon aiki ko da na wata uku ne. Dosiyen nan shi ne jarrabawarka ta farko, domin wanda ya kawo wasiƙa mai kuskure uku a layin farko ya riga ya nuna yadda zai riƙe takardar filin mutane. Ofisoshin noter ba su da yawa a garin nan, mafi yawansu a Yamai suke, don haka in ba ka samu wuri nan take ba, zaman koyon aiki a ofishin lauya ko na mai isar da takardun kotu ko a sashen filaye na mairi zai koya maka rabin abin da ake bukata. In an karɓe ka, ka tambaya tun ranar farko, cikin ladabi, ko akwai kuɗin mai ko na kabu-kabu, da kuma tsawon lokacin gwajin, a kuma rubuta. Bai dace mai koyon aikin rubuta yarjejeniya ya fara tasa da baki kawai ba.

Watannin farko yawo ne. Za a aike ka ofishin haraji ka kai takardu a yi musu rajista a liƙa tambur, za a aike ka mairi, za a aike ka wurin magatakardan babbar kotu, za a aike ka sashen da ke riƙe da littafin filaye. Kada ka ɗauki wannan a matsayin aikin ɗan aike. A nan za ka san wace takarda ke bin wace, wane ofishi ke rufewa da wuri ranar Juma'a, wane dosiye ake dawo da shi saboda rashin kwafi guda. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta duk abin da aka nema a kowane wuri. A ranakun da babu aike kuma, ka roƙi izini ka karanta tsofaffin takardun da ofishin ya kammala, na sayar da gida da na wakilci da na kafa kamfani, domin a cikinsu ne za ka ga yadda jimlolin suke tafiya da dalilin da ya sa kowace take wurin da take.

Babban aikin da za a fara damƙa maka, wanda kuma ya fi kowane haɗari, shi ne tabbatar da cewa mutumin da ke zaune gabanka shi ne wanda sunansa ke kan takarda. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum guda kan zama Mahamadou a katin ɗan ƙasa, Mamane a takardar fili, Maman a takardar haihuwa, jama'ar unguwa kuma ba su san shi da kowanne ba sai da laƙabinsa. Yusuf kan zama Issoufou, wani wuri a rubuta shi da s guda. Dattawa da yawa ba a yi musu rajista ranar haihuwa ba, sai daga baya kotu ta ba su takardar maye gurbi, aka rubuta cewa an haife su wajen shekara kaza, sai ka tarar shekarar da ke kan kati ta saɓa wa ta kan takardar gado. Ka jera takardun duka a kan tebur, ka bi su harafi da harafi: suna, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa da wurinta, lambar kati da ranar ƙarewar wa'adinsa. Ka dubi hoton, ka ɗaga kai ka dubi fuskar. Kada ka yarda da kwafi in ba ka ga asalin da idonka ba, kada kuma ka yarda da hoton kati a cikin waya. In ka ga saɓani, ba kai za ka yanke cewa ai mutum ɗaya ne ba, kuma ba kai za ka gyara sunan a daftari don ya dace ba. Ka kai wa Metir, shi zai faɗi takardar da za a nemo don a daidaita.

Wanda ya zo a madadin wani kuwa, takardar wakilci za ka nema, ka kuma karanta ta har ƙarshe. Maraɗi gari ne na fatauci, masu dukiya da yawa suna Kano ko Kwatano ko Saudiyya a lokacin da ake cinikin, sai ƙane ko yaron gida ya zo da takarda. Wakilcin karɓar kuɗin haya ba ya ba mutum ikon sayar da gida. Wakilcin da aka ba don fili guda ba ya hawa kan na biyu. In mai ba da wakilcin ya rasu, wakilcin ya faɗi tare da shi, ko da tawadar ba ta bushe ba. Takardar da aka yi a wata ƙasa kuma, Metir ne kaɗai zai ce ko ta cika sharuɗɗan da za a yi aiki da ita a nan.

Mafi yawan dosiyoyin da za su biyo ta hannunka na ƙasa ne, don haka ka san bambancin takardun ƙasa kamar yadda ka san sunanka. Akwai wadda mairi ke bayarwa idan aka yanka filaye a sabuwar unguwa, wadda za ka ga an rubuta acte de cession a kanta. Akwai titre foncier, wadda ita ce cikakkiyar shaidar mallaka mai lamba a littafin filaye na hukuma. Akwai kuma takardun karkara waɗanda suka samo asali daga dokar 1993 ta tsarin karkara, wadda a ƙarƙashin tsarinta aka kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har zuwa gunduma, su ne ke ba da shaidar saye ko kyauta ko jingina ko mallakar gargajiya ta gona. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Misali, a ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 wadda Nijar ke cikin ƙasashenta 17, gida ko filin da aka yi wa rajista a littafin filaye ne ake iya ɗora wa jinginar banki ta doka. Alhajin da ya zo da takardar maigari yana son banki ya ba shi rance a kanta zai ji haushi in ka faɗa masa haka, amma gara ya ji a ranar farko da ya ji bayan ya yi wata biyu yana zarya.

A kan kowane fili ka duba lambar sashe da lambar filin da faɗinsa, ka kuma bi jerin waɗanda suka mallake shi tun daga na farko har zuwa wanda ke son sayarwa yau, kada a samu hannu guda da ya ɓace a tsakani. Garin yana faɗaɗa ta kowane gefe, gonakin jiya sun zama unguwanni, kuma kowa a nan ya san labarin filin da aka sayar wa mutum biyu ko uku. Dillali zai matsa maka, zai ce mai saye zai tashi zuwa Katsina da azahar, zai ce ai kowa ya san filin wane ne. Ka saurare shi da fara'a, ka ba shi ruwa, ka ci gaba da bincikenka.

Gado shi ne wurin da sabon shiga ya fi faɗawa rami, saboda tausayi ko saboda kunya. A Nijar ana bin al'adar mutanen da abin ya shafa a sha'anin gado, kuma a Maraɗi wannan na nufin rabon Musulunci bisa mazhabar Malikiyya: matar mamaci ko matansa suna da tumuni in ya bar ƴaƴa, rubu'i in bai bari ba, ɗa namiji yana da rabon mata biyu. Ba kai ne mai rabo ba, wannan aikin malamai ne da kotu. Naka shi ne ka tabbatar dosiyen ya ƙunshi takardar mutuwa, da takardar da ta lissafa magada, da takardar zaman iyali da ta naɗa wakili, sannan ka ƙirga. In takarda ta ce magada tara ne, tara za ka gani, ko su ko wakilcinsu. Sau da yawa babban wa ne ke zuwa shi kaɗai ya ce ya yi magana da kowa, kuma waɗanda aka fi mantawa su ne mata da ke gidan aure a wani gari, da marayu ƙanana waɗanda rabonsu ba ya sayuwa sai da izinin da doka ta tanada. Tambayar ina sauran suke tana da nauyi a baki idan dattijo ne a gabanka, amma dole ka yi ta. Nakan ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba rashin yarda ba ne, takardar ce ba ta tafiya sai da su."

Ranar sa hannu kuwa tun jajibirinta take farawa. Ka sake karanta daftarin da murya, kai kaɗai, kana riƙe da katunan a ɗaya hannun. Ka tabbatar ba a bar fili fari a tsakiyar rubutu ba, shafuka suna da lamba, adadin da ke haruffa ya yi daidai da na lamba. Ka kira kowa ka tuna masa lokaci da katinsa na asali, ka kuma yi la'akari da lokacin salla da ranar kasuwa, domin wanda zai taso daga Dakoro ko Tasawa ba za a ce masa ƙarfe takwas ba. Ka buga komai tun da wuri saboda wuta na iya ɗaukewa. Ka tanadi alƙalami fiye da ɗaya da tawadar dangwale. In cikin masu sa hannun akwai wanda bai iya karatu ba ko ba ya jin Faransanci, ka sanar da Metir tun kafin ranar, domin doka ta tanadi sharuɗɗa a kan shaidu da tafinta, kuma ba kowa ake karɓa a matsayin shaida ba. Ma'aikacin ofishin ko ɗan'uwan wanda zai amfana ba su ne za a jawo daga baranda a cike gurbi da su ba.

Idan an zauna, Metir ne ke jagorantar zaman, kuma a gabansa ake sa hannu. In aka ce ka fassara, ka fassara duka. Kada ka taƙaita shafi uku da cewa takardar sayar da gida ce kamar yadda kuka shirya. Ka faɗi wane ne ke sayarwa, wane ne ke saye, wane gida, nawa, an biya ko saura, yaushe za a fita a ba da mabuɗi, wa zai biya haraji da ladan ofishi. Wurin kuɗi ka ninka hankali, domin lissafinmu na baki da dala yake tafiya, takarda kuma da faran take. Dala faran biyar ce, jika faran 1000 ce, saboda haka wanda ya ce ɗari biyu yana nufin abin da takarda za ta rubuta 1000. Ga kuma masu ciniki da naira a ransu suna magana da sefa a bakinsu. Ka faɗi adadin da faran, ka sake faɗinsa da jika ko miliyan yadda mutumin ya saba ji, sannan ka roƙe shi ya maimaita maka da bakinsa.

Wannan darasi da kuskurena na koye shi. A shekarata ta farko wata dattijuwa ta zo daga wani ƙauye na wajen Tibiri tare da ɗan ƙanenta, za a sayar da wani fili da ta gada a bakin gari. Ta zauna a gefen kujera, ta cire takalmanta ta ajiye a ƙofa, katinta na ƙulle a bakin zane cikin leda. Na fassara da sauri domin akwai wasu na jira, na faɗi kuɗin sau ɗaya, ta ce to. Har na buɗe tawada na kama yatsanta, sai Metir ya ɗaga hannu ya ce, "Inna, nawa aka ce miki za a ba ki?" Adadin da ta faɗa bai kai rabin abin da ke rubuce ba, kuma a fahimtarta rabin filin take sayarwa, ɗaya rabin na jikokinta ne. Ɗakin ya yi tsit, ɗan ƙanen ya sunkuyar da kai. Ba a sa hannu ranar ba. Da suka fita Metir bai ɗaga mini murya ba, ya ce kawai to ɗin tsohuwa ladabi ne, ba amincewa ba ne. Tun daga ranar ban sake tambayar kowa ko ya gane ba, sai dai in ce ya faɗa mini abin da ya ji.

Haka nan ka lura da wanda ke amsawa a madadin wani. In miji ne ke ba da amsa duk lokacin da aka tambayi matarsa a kan gidanta, ko ɗa yana riƙe da hannun mahaifinsa marar lafiya yana kai shi kan takarda, ka sanar da Metir a asirce domin ya gana da mai dukiyar shi kaɗai. Wani lokaci za a fita da takardu zuwa gida ko asibiti saboda tsufa ko ciwo ko kulle. A nan za ka raka Metir ne, ba za ka je kai kaɗai ka karɓo sa hannu ka kawo a buga hatimi ba, ko da iyalin sun roƙe ka, ko da Alhajin ya ce ai ya san ka tun kana yaro. Takardar tana cewa a gaban noter aka yi, kuma in ba haka aka yi ba ta zama ƙarya mai hatimin hukuma, wadda ke iya rushe cinikin ta kuma kai mutane kurkuku.

Wajen sa hannun kansa, kowane shafi ana sa masa gajeren sa hannu, na ƙarshe kuma cikakke. In an soke kalma ko an ƙara wata a gefe, ana ƙirga su a ambata a ƙarshen takardar, kowa ya sa hannu a kan gyaran. Ba a goge rubutu, ba a shafa farin ruwa, ba a rubuta kalma a kan kalma. Kafin kowa ya tashi, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Neman mutumin da ya riga ya hau mota zuwa Ɗan Isa saboda shafi na huɗu ba shi da sa hannu wahala ce da minti biyu na dubawa ke kawar da ita.

Akwai iyakoki da ya kamata ka ɗaure wa kanka tun kafin a gwada ka, domin za a gwada ka. Kada ka ba da shawarar shari'a. Mutane za su tare ka a baranda su ce, "Malam, kai me ka gani, in sa hannu?" Amsarka ita ce za ka shigar da su wurin Metir. Kada ka karɓi kuɗin ciniki a hannunka ko a wayarka, kuma duk abin da aka biya a ofis a ba da rasit. Kada ka karɓi goro daga ɓangare guda don a gaggauta ko a kau da kai, domin noter na ɓangarorin biyu ne, ba kamar lauya ba da ke tsaya wa wanda ya ɗauke shi. Za a kuma roƙe ka a rubuta kuɗin da bai kai na gaskiya ba don a rage haraji. Wannan laifi ne, kuma ranar da rigima ta tashi, abin da ke rubuce shi kotu za ta duba, mai sayen da ya biya da yawa shi zai yi kuka. In dosiye ya shafi danginka ko na matarka, ka faɗa a ba wani. Sai sirri, wanda a gari irin namu ya fi komai wuyar riƙewa. Za ka san wanda ya jinginar da gidansa, da wanda ya yi wasiyya, da wanda ya sayi fili bai gaya wa ƴan'uwansa ba, sannan da yamma ka zauna a fada ana shan shayi ana hirar mutumin. Ko matarka ba ta da haƙƙin ji. Kada ka ɗauki hoton takardar mutane a wayarka, kada ka tura ta WhatsApp sai da umarni, kada ka bar dosiye a buɗe a kan tebur ka tafi salla.

Ga wanda ke jin kamar duk wannan baƙon abu ne da Turawa suka kawo, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da adalcin marubuci, da kafa shaidu. Na ga wannan tunatarwa ta kwantar da hankalin dattawa da yawa waɗanda suka ɗauki neman kati da shaidu a matsayin zargi.

Bayan an watse aikinka bai ƙare ba. Asalin takardar da aka sa wa hannu ba ta barin ofis, ita ake kira minit, kuma noter ne ke ajiye ta shekara da shekaru. Abin da ake ba mutane kwafi ne mai hatimi, kuma akwai wani kwafi na musamman da ake ba mai bin bashi wanda da shi zai iya neman a tilasta biya ba tare da ya sake shigar da ƙara ba, shi ya sa ba a fitar da shi sai da umarnin Metir. Za ka shigar da takardar a babban littafin ofis bisa jerin kwanan wata ba tare da tsallake layi ba, ka kai ta rajista a ofishin haraji cikin wa'adi domin jinkiri na jawo tara, sannan in ta fili ce ka bi ta har a sauya sunan mai mallaka. In ta kamfani ce, kamar SARL, wato kamfanin da alhakin masu shi ya tsaya a kan jarin da suka zuba, wanda ƴan kasuwarmu suka fi kafawa a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta OHADA da aka sabunta a 2014, sai an yi mata rajistar kasuwanci an kuma samo lambar haraji kafin a ce an gama. Mai dosiye zai riƙa kiranka yana tambaya, ka gaya masa gaskiyar inda takardarsa take da ranar da za ka sake dubawa, ka kuma duba a ranar.

In ka yi shekara guda a haka, za a fara ba ka daftari ka rubuta da kanka, daga wakilci mai shafi ɗaya zuwa sayar da gida. A lokacin ne ya dace ka zauna da Metir ku yi maganar kwantiragin aiki da rajista a asusun kula da ma'aikata na CNSS. In kuma zuciyarka ta karkata ga zama noter kai kanka, sai ka koma jami'a ka kammala karatun shari'a, ka nemi sharuɗɗan shiga daga ƙungiyar notocin Nijar da ma'aikatar shari'a a Yamai, ka kuma roƙi takardar shaidar duk watannin da ka yi a ofis, mai ɗauke da ranar farawa da irin ayyukan da ka riƙe.